Kwana Biyun Mama

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rahila, 'yar aji biyu a sakandare. Babana yana aikin jirgin ƙasa a tashar Gagarawa. Ku yi haƙuri da muryata, ban saba tsayawa gaban mutane ba.

Bara Mama ta fara zubar jini. Ni ke wanke zannuwanta, don haka na riga kowa sani, amma kunya ta hana ni magana. Sai da ta faɗi a bakin rijiya aka kai ta Gumel, daga can Kano, daga Kano aka ce sai Ikko, wato Legas. Ciwon daji ne a bakin mahaifa.

Ni na raka ta. Aka sa mata wani ɗan ƙarfe mai radiyam a ciki, don tururinsa ya ƙone ciwon. Ba a yarda ta juya ba. Ni kuma minti kaɗan ake ba ni, ina tsaye bayan jan layi a ƙasa.

A nan idona ya kai kan katunan gado, inda ake rubuta kwanakin da ƙarfen zai yi a jiki. Na matar da ke kusa da ita, mai ƙiba, an rubuta kwana uku. Na Mama kwana biyu.

Gabana ya faɗi! A wajenmu, idan mai magani ya rage jiƙo, kowa ya san ya cire rai ne. Na ce shi ke nan, sun ga ba za ta tashi ba, suna tanadin magani don wasu. Ban gaya mata ba. Na daina addu'a, na kasa cin abinci.

Rana ta biyu na durƙusa bayan ɗakin wanki, na ce, "Ubangiji, bakina ya ƙi buɗewa. Ka buɗe mini shi."

Na tashi na tare wata nas da ta girma a Zariya.

"Sista, don Allah me ya sa aka rage wa Mama?"

"Ke kurma, ashe kina magana? Zo nan."

Ta ɗaga hoton cikin Mama a hasken taga. Ga layukan fensir, ga ƙananan lambobi.

"Ga ƙarfen, ga mafitsara, ga hanji. Uwarki kamar sillen kara take, duk sun matsu wuri ɗaya. In aka ba ta kwana uku irin na waccan, sai ya ƙone inda ke da lafiya. Likita ya auna nata da rula, sau biyu."

Na zauna a ƙasa ina kuka.

Yau Mama na daka da kanta. Har yanzu za mu koma a duba ta, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin tsoro. Amma abin da na ɗauka yasarwa ce, ashe kulawa ce.

Na gode wa Allah! 'Yan'uwa, idan rabonku ya yi kamar ya gaza na maƙwabci, kada ku yanke ƙauna. Ya san ma'aunin kowa. Amin.