Addu'ar da Na Yi wa Inna Hauwa

Mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Sunana Saratu, Bahaushiya ce ni kuma Kirista, daga wani ƙauye kusa da Watari. Hankalina ba a kwance yake ba.

Bana yunwa ta shigo mana gida. Hatsinmu ya ƙare tun gero bai fitar da kai ba, har muka koma cin tafasa. Maƙwabciyata Inna Hauwa, tsohuwa Musulma, ita ce ta riƙa miƙo min ƙwaryar dawa ta kan danga, tana cewa, "Karɓi, 'yar nan, kada ki gaya wa kowa." Alhali ita ma ba wadata gare ta ba.

Makon jiya ta rasu. Na je ta'aziyya, na faɗi abin da kowa yake faɗa: "Allah ya ji ƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta." Har zuciyata na faɗa. A hanyar komawa gida sai yayata, shugabar mata a majami'armu, ta tsayar da ni. Ta ce, "Saratu, kin san ceto ta wurin Yesu ne kaɗai. Don me bakinki yake faɗin abin da ba a koya mana ba?"

Haka na ƙarasa gida. Ban bar bangaskiyata ba, amma ko abinci na kasa ci.

Fastoci da malamai, ku ba ni shawara. 'Ya'yana da dawarta suka rayu. Da wane baki zan janye addu'ar nan?