Ruwa a Gazuwal ɗin Cha'ibu

Zara'u: Alo? Salamu alaikum, Yaya Mai Nasara.

Mai Nasara: Wa'alaikumus salam. Zara'u ce? Ina kwana?

Zara'u: Lahiya lau. Ina gajiya? Ya garaji?

Mai Nasara: Mun gode Allah. Ya mutanen Kona? An ce kun samu ruwa jiya.

Zara'u: Ya yi gyara, wallahi. Ƙasa ta jiƙu kamu guda. Ya Habsatu da yara?

Mai Nasara: Kowa lahiya. Ina mai gidan naki, babban injiniya?

Zara'u: Yana... nan kusa. Yaya, tambaya gare ni. In mota tana tahiya, ta yi tari, ta yi farin hayaƙi, ta mutu, mi ke nan?

Mai Nasara: Motar wa?

Zara'u: Ta wani mutum.

Mai Nasara: Wanin nan ba shi da tsohuwar bashe, a-kori-kura fara, da ake ɗaure ƙofarta da igiya?

Zara'u: Yaya, don Allah.

Mai Nasara: Ashe mijin naki ne, Cha'ibu. Wanda ya rantse gaban mutane mota tai ba ta sake shiga garajina. Ba shi wayar.

Zara'u: Ya ce bai magana da kai.

Mai Nasara: Madalla. To shi yi magana da motar.

Zara'u: Ka tsaya ka ji! Irin hatsi ne a baya, buhu goma sha biyu, na garinmu duka. Ka san bara fari ya sa kowa ya cinye nashi. Yau da safe anka ba mu a Tasawa, kuma sojan da ke rabon ya ce wanda irin bai kai gari ba yau, sayar da shi ya yi, kulle shi za a yi. Cha'ibu ya sa hannu.

Mai Nasara: Shi ya sa hannu? To ai sojan ya huta, ya samu baƙo.

Zara'u: In laimar nan ta bushe ba mu shuka ba fa?

Mai Nasara: ...Ina kuke?

Zara'u: Tsakiyar hanya, cikin rairayi. Ko amalanke babu.

Mai Nasara: In ya murɗa, injin na juyawa?

Zara'u: Wa ke zuwa? Ba kowa!

Mai Nasara: Juyawa! Ju-ya-wa! Ki hau tudu, rezon waya ya gudu.

Zara'u: Yana juyawa, kamawa ce bai yi.

Mai Nasara: To ki ce shi bari haka nan, kar shi kashe batir. Ina ya sha man motar, gazuwal?

Zara'u: Ya ce esansiri, gidan mai.

Mai Nasara: Ke nike tambaya.

Zara'u: Bakin kasuwa, na bido, wanda ake saidawa a jarka. An rage mashi.

Mai Nasara: Ai kuwa an kyauta mashi. Shekara guda ana roƙon ruwa, ashe yana cikin tankin mijinki. Filtir ɗin da na ce shi canza tun azumi fa?

Zara'u: Ya ce ya wanke shi da sabulu.

Mai Nasara: Da sabulu! Bai shafa mashi turare ba? Buɗe kafo, marufin injin. Kin ga wani gwangwani da tiyo biyu a kai, da abin dannawa baƙi bisa?

Zara'u: Na gani. Tsaya... Cha'ibu, bari! Yaya, ya ɗauko kile na kwance noti, wai famfon allura ne ya lalace, kwance shi za ya yi.

Mai Nasara: Ki riƙe mashi hannu! Wallahi in ya buɗe famfon nan cikin rairayi, sai an kai shi Maraɗi, ku kuma ku shuka irin cikin bashe. Amshe kile ɗin.

Zara'u: Na amshe. Ya koma gindin aduwa ya zauna.

Mai Nasara: Wurin da ya dace da shi ke nan. Ƙarƙashin gwangwanin akwai abin murɗawa na roba. Tara kwano, ki sassauta, ki danna na bisa. Mi ke hita?

Zara'u: La ilaha illallahu! Ruwa ne, Yaya, har da laka.

Mai Nasara: Kai mashi shi yi alwala. Yi ta dannawa har gazuwal tsantsa shi zo.

Zara'u: Ya zo, yana wari.

Mai Nasara: Ɗaure. Danna kuma har abin shi yi tauri a hannunki.

Zara'u: Hannuna ya gaji.

Mai Nasara: Mai daka damma biyu kahin hantsi? Danna.

Zara'u: Ya yi tauri.

Mai Nasara: Saura iskar da ta shiga. Bisa injin akwai siraran tiyo na ƙarfe huɗu, kowane na shiga kan allura guda. Kile mai lamba goma sha bakwai.

Zara'u: Takwas?

Mai Nasara: Bakwai! Sassauta biyu na gaba, rabin murɗi kawai. Ki janye hannu da fuska, feshin nan yana huda fata. Sai ki roƙi ranka shi daɗe shi taimaka shi murɗa kwantak, makullin tada mota.

Zara'u: Ya ce shi dama ya san iska ce.

Mai Nasara: Ai na sani. Tawali'u ya hana shi faɗi.

Zara'u: Kumfa ke hita... kumfa... yanzu yana tsartuwa!

Mai Nasara: Shi tsaya. Ɗaure su tamau, rufe kafo. Ki gaya mashi in ta tashi kar shi bari ta mutu, kar shi tsaya ko'ina sai Kona, don sauran ruwa na cikin tanki. Gobe in zo in wanke.

Zara'u: Na gaya mashi. Bismillahi... Ta yi tari... Yaya! Ta kama! Ka ji ta?

Mai Nasara: Na ji. Yanzu ba shi wayar, ina son in ji godiya da bakin injiniya.

Zara'u: Cha'ibu, amshi... Cha'ibu? Kai, Cha'ibu! Tsaya!

Mai Nasara: Mi ya faru?

Zara'u: Ya tahi!

Mai Nasara: Ina?

Zara'u: Kona mana! Ya bar ni nan da kile da kwanon laka! Ba kai ka ce kar shi tsaya ba?

Mai Nasara: Allahu akbar. Shekara tara ina ba shi shawara, sai yau ya ɗauki guda.

Zara'u: Dariya kake? Ga shi can ya hau tudu yana miƙo hannu ta taga, wai in rugo in ɗale baya!

Mai Nasara: To mi kike jira? Tattare zane! Irin dai shi kai gari.

Zara'u: Wallahi in na kama motar nan, sai ya gwammace sojan ya...

Mai Nasara: Alo? Zara'u? Alo!