Da Bandejina Zan Zo Shagonka

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiya, ya iyali? Hajiya Indo ce daga Ƙofar Guga.

Jikata Hauwa'u nas ce. Ita da abokan aikinta sun ɗauki niyyar zuwa wata ƙasa da ambaliya ta ɗaiɗaita, su yi jinyar mutane saboda Allah. A tsakar gidana suke gwaji, ni ce majinyaciyar. Suka naɗe mini kai da bandeji, ina ta nishin ƙarya har maƙwabta suka shigo da salati.

Sai ga ubanta, ɗana Sani, ya ƙwace fasfonta, wai, "Inna, 'ya mace ba ta ƙetare teku."

Na ce, "Ja'iri, likitar da ta ciro ka daga cikina teku ta ƙetaro. Ita ba 'yar wani ba ce?"

Sani, na san rediyonka na kunne a Babbar Kasuwa. Ka maido fasfon nan, ko in zo ƙofar shagonka da bandejina in zauna. Duk wanda ya ce, "Hajiya, wa ya fasa miki kai?" in nuna ka da baki.

A gaishe mini da Hauwa'u, ta ci gaba da haɗa kaya.