Gugar Ƙarfe a Zariya

Tunkiyar Inna anka sayar a kasuwar Bukkuyum, da kuɗinta nis shiga motar Gusau, daga can sai Zariya. Ku matso ku ji, ku da ke ganin ci-rani ba ya wuce ramin zinari. Lokacin soja na shirin barin mulki, ni ko gemu ban aje ba.

Ga-ruwa nis soma. Mu 'yan ƙasarmu ɗaki guda munka kama, kullum mai gidan na faɗa wai mun cika mishi wuri awa buhunan gero. Rannan nic ce, "Alhaji, gero dai ba ya biyan haya." Bai sake gaishe ni ba har nib bar gidan.

Akwai wani ɗakin bincike a jami'a da nike kai ma ruwa in famfo ya ɗauke. Mai ɗakin, Dakta Sambo, shi yad ɗauke ni aiki. Su ukku ne: shi, da wata Bajamushiya da muke ce ma Madam, da wani Ba'indiye da ba ya cin nama, abin tausai. Wata fatar tangaran siririya suke mannawa bisa ƙarfe, suna son sanin mi ke faruwa daidai inda biyun sunka haɗu, don nan ne abu ke ɓamɓarewa, awa fentin kwanon sha. Intafes suke ce ma wurin. Ni dai mahaɗa nike cewa, har Madam tak koya, tana faɗi tana jan hanci.

Aikina guga. A yanko ƙarfen ɗan mitsitsi, in ɗora shi bisa faifai mai juyawa, ruwa na ɗiga, in yi ta sauya takardar yashi har ya koma madubi. Ba a taɓa shi da yatsa. Ni da anka hore ni ba a miƙa ma babba abu sai da hannun dama, ga ni ina miƙa ma Dakta da hantsaki. Daga nan a raba, wasu Jamus, wasu Indiya, don can manyan na'urorin dubawa suke. Ƙarfen da nig goge ya hau jirgin sama, ni ban taɓa ba. Wallahi na so aikin nan, na so ƙarar faifan da sanyin ɗakin.

Sai hadari yas soma haɗuwa gabas. Ku kun sani, ɗan ci-rani ba ya bari ruwan shuka ya iske shi garin mutane, balle ni da ƙafar Baba ta riga ta ƙi, ba ya iya noma. Dakta yac ce kashin ƙarshe na ƙarafan cikin damina za a aika, in na tsaya zai nema man aikin dindindin. Madam ta kasa ganewa, wai in aika a ɗauki wani ya yi noman.

Nic ce, "Madam, a garinmu in baƙo ya shuka gonar ubanka kana raye, an gama da kai."

Dakta ɗan manoma ne, ya gane. Yac ce, "Haruna, ba zan hana ka ba. Amma faifan nan ba zai jira kaka ba."

Nit taho. Damina ta yi kyau, munka cika rumbu, Baba yas sa man albarka gaban mutane. Ban yi da-na-sani ba, kada ku ce na faɗi haka.

Da anka ɗauke amfani nik koma, da ƙullin wake tsaraba. Dakta ya yi tafiya, Madam ta koma ƙasarsu. Tun daga baranda nij ji faifan na juyawa. Nil leƙa, ga wani mutum zaune bisa kujerata, yana danne ƙarfen da ƙarfi fiye da kima. Hannuna har ƙaiƙayi yake in gyara mishi riƙon. Yad ɗago kai yac ce, "Malam, wa kake nema?"

Nic ce mishi ƙofa nib ɓata. Nij jawo mishi ita a hankali, don ƙura ba ta da kyau ga aikin, nin nemi motar gida.