Hannu Biyu a Ƙarƙashin Ƙugiya

A ɗakin jiran likitan ido a Pemba, Sualehe, direban injin ɗaga kaya a jirgin masu haƙar gas, yana ta kaɗa ƙafa.

"Baba, allura kake tsoro?" in ji na kusa da shi.

"Allon haruffa. Shekara ashirin ina ɗaga ƙarfe tan dubu a tsakiyar teku, yau baƙi kamar kashin ƙuda zai raba ni da aiki."

"Ba ka gani ne?"

"Teku kam ina ganinsa. Hannun mai ba ni alama ne ya fara zama biyu."

"To wanne kake bi?"

"Wanda ya fi kama da mai hankali."

Mutumin ya daina dariya. "Ni ɗaurin kaya nake yi. A ƙarƙashin ƙugiyar injin ɗaga kaya nake wuni."

Sualehe ya juyo ya dube shi. Mutumin ya ci gaba.

"Kuma ba a korar mutum don tabarau. Direbanmu shekara biyar yana sanye da shi."

"Rantse!"

"Wallahi."

Sualehe ya sauke numfashi, ƙafar ta tsaya. Sai aka kira lambar mutumin.

"Tashi ka shiga, Baba, na bar maka. Ba kirki ne ya yi mini yawa ba, 'ya'ya huɗu gare ni."