Geron Akuya

Tashar Sabon Birni, motar zuwa garin Isa ba ta cika ba. Wani mutum yana kallon katun ɗin yara a waya, wata dattijuwa tana leƙe.

"Malam, akuyar ta ce gero ta shuka, ga zangarniyar dawa sun zana! Ko akuyata ta fi su sani."

"Na gani, Inna. Ɗiyata ke son shi. Tana goye 'yan bindiga suka tashe mu, ba ta san gona ba. Ta tambaye ni ko haka geronmu yake."

"Mi ka ce mata?"

"Na ce i. Ran da muka koma za ni nuna mata."

Dattijuwar ta matso.

"Maido shi baya, ɗana. Wurin da akuyar ta yi barci tsakar gona, ba ta ko waiga ba."