Sandar Bayan Tarakta da Rigar Yayana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Sale, manomin shinkafa daga yankin Bunkure.

A bayan tarakta akwai wata sandar ƙarfe da ake jonawa da injin casa. Direba na jan liba, ƙarfin injin tarakta sai ya bi ta sandar ya riƙa juya injin casar, ko da tayoyi na tsaye cik. Bututun roba ne ke rufe ta. To, na taraktar da muke haya an zare shi, wai ya fi amfani wajen tsallakar da ruwa zuwa fangali.

Ranar Juma'a yayana Habu ya biyo ta wajen casa daga masallaci, sanye da babbar riga. Ya sunkuya zai duba tsaba, sandar ta cafke rigar ta nannaɗe. Kafin direba ya kashe, hannunsa ya karye. Har yau ce min yake, "Sale, ko taɓa ta ban yi ba."

Yanzu gona biyu ke kaina, tawa da ta Habu, ga jinya. Na gaji, Malam. Jiya na wuce ta wajen casa, sandar na juyawa tsirara, bututun kuwa na can yana shayar da tumatir. Jama'a, wa zan kai wa kuka ya ji?